Harisar busasshen barkono ko ta gasasshen tattasai: wacce ta fi dacewa a haɗa a gida?

Duk wanda ya yi niyyar haɗa harisa, wato kwaɓin dakakken jan barkono da kayan ƙamshi na mutanen Arewacin Afirka, a gidansa, abu na farko da zai yanke shawara a kai shi ne irin barkonon da zai fara da shi, domin hanyoyi biyu ne suka shahara, kuma abin da kowace take bayarwa ya bambanta da na ɗayar fiye da yadda ake zato. Hanya ta farko ita ce ta gargajiyar mutanen Tunisiya, wadda ake jiƙa busasshen jan barkono, a daka shi da tafarnuwa da gishiri da kayan ƙamshi, sannan a rufe shi da mai. Ta biyu ita ce wadda ta fi yaɗuwa a gidajen abinci na Turai da Amurka, inda ake gasa ɗanyen tattasai a kan wuta, a ɓare shi, a markaɗa shi tare da ɗan barkono mai zafi. Akwai kuma wadda ake saya a kanti cikin gwangwani ko bututun matsawa, wadda ita ma tana da gurbinta, amma ainihin zaɓin yana tsakanin biyun farko ne.

Kafin a auna su, yana da kyau a san abin da ake ƙoƙarin kwaikwaya. Harisa abincin Tunisiya ce, ko da yake ana cin ta sosai a Libiya da Aljeriya, kuma a watan Disamba na shekarar 2022 hukumar UNESCO ta saka ta cikin jerin al'adun ɗan'adam da ake gado, a taron da ta yi a birnin Rabat na ƙasar Maroko. Yankin Cap Bon da ke arewa maso gabashin ƙasar, musamman garin Nabul, shi ne ya fi yin suna da noman barkonon da sarrafa shi. A can mata ne suke haɗuwa a gida ɗaya a lokacin tanadin abincin shekara, su shanya barkonon a rana, su tsaga shi su cire hanci da 'ya'ya, su wanke, su daka a turmi ko su niƙa da injin niƙa nama na hannu, sannan su adana a tulun ƙasa ko kwalba. Wannan ya nuna cewa tun asali harisa dabara ce ta adana barkono daga kaka zuwa kaka, kuma wannan manufar ce ta sa take da kauri da gishiri kamar yadda take.

Abu na biyu da ya kamata a sani shi ne ƙarfin barkonon. Irin da aka fi dangantawa da harisa shi ne baƙaluti, wanda ya samo sunansa daga garin Baƙalta da ke kusa da Munastir, kuma zafinsa matsakaici ne, bai wuce 'yan dubbai ba a ma'aunin Scoville da ake auna zafin barkono da shi. Attarugun da muke sakawa a miya kuwa yana tsakanin 100,000 zuwa 350,000 a wannan ma'aunin. Saboda haka wanda ya ɗauki attarugu zalla ya markaɗa da tafarnuwa ya sami abu mai zafi ƙwarai, amma bai sami harisa ba, domin ita ana lakatar ta da burodi kamar yadda take, kuma ana jin ɗanɗanon barkonon da na ƙamshin kafin zafin ya biyo baya. Kowace daga cikin hanyoyin biyu mutum ya bi, jikin kwaɓin daga barkono marar zafi sosai zai fito, mai zafin kuma ɗan kaɗan ake ƙarawa.

A nan ne hanyar busasshen barkono take da sauƙi ga Bahaushe, domin busasshen tattasai ba baƙo ba ne a kasuwanninmu. Wanda ake nomawa a gaɓar kogin Komadugu Yobe a yankin Diffa na Jamhuriyar Nijar ya daɗe yana shigowa Najeriya buhu-buhu, kuma yana da jan launi da ɗan zaƙi irin wanda ake buƙata. Abin da nake ba da shawara shi ne a haɗa kashi uku na busasshen tattasai da kashi ɗaya na busasshen shambo, idan kuma ana son zafi ya ƙaru a jefa 'yan ƙananan barkono kaɗan. A kan giram 100 na wannan haɗin, bayan an cire hanci an zazzage 'ya'yan, ana zuba ruwan zafi a bar shi ya jiƙu kamar minti 30, har sai ya yi laushin da yatsa zai iya murje shi. Daga nan sai a tsane shi a matsami, a matse shi sosai, domin duk ruwan da aka bari a ciki shi ne zai rage wa harisar kwana. Sai a daka shi da tafarnuwa ƙwaya biyar ko shida, da gishiri babban cokali ɗaya, da garin kayan ƙamshi, a riƙa ɗiga mai har cokali uku ko huɗu, har ya zama kwaɓi mai kauri wanda zai tsaya a kan cokali ba tare da ya zuba ba. Turmi ya fi injin markaɗe dacewa da wannan aikin, saboda injin yana neman ruwa kafin ya juya, shi kuwa turmi yana daka abu yadda aka ba shi.

Kayan ƙamshin su ne suke raba harisa da kowane irin markaɗen barkono, kuma a kansu ba a yin sassauci sosai. Biyu ne ginshiƙai: 'ya'yan koriyanda, wanda Larabawa suke kira kuzbara, da karwiya, wasu ƙananan 'ya'yan ƙamshi da Turawa suke kira caraway. Wasu gidajen suna ƙara kamun, wanda Turawa suke kira cumin, wasu kuma busasshiyar na'ana'a. Babban cokali ɗaya na koriyanda da ƙaramin cokali biyu na karwiya sun isa giram 100 na barkono, kuma ana soya su a busasshen kasko na minti ɗaya ko biyu har ƙamshinsu ya tashi kafin a daka. Karwiya ce take yi wa mutane wuyar samu, kuma ba ita ce habbatus-sauda ba, ko da yake ana rikita su. Idan ba a same ta ba, kamun zai iya tsayawa a madadinta, sai dai ɗanɗanon zai karkata zuwa na harisar Maroko. Citta da kanumfari da masoro da kimba kuwa, duk da cewa hannu zai kai gare su bisa sabo, gara a bar su, domin da zarar sun shiga, abin ya koma ɗanɗanon yaji.

Hanyar gasasshen tattasai ta fi ɗaukar ido kuma ta fi saurin shiga rai. Ana ɗora manyan jajayen tattasai a kan garwashi ko harshen wutar gas, ana juya su har fatarsu ta ƙone ta yi baƙi, sai a zuba su a kwano a rufe na minti 10 domin turirinsu ya saki fatar, a ɓare a cire 'ya'ya. Ana markaɗa su da shambo ɗanye ko attarugu ɗaya, da tafarnuwa, da kayan ƙamshin da aka ambata, da mai, galibi kuma da ruwan lemun tsami. Abin da ke fitowa yana da haske a launi, yana da zaƙi da ƙamshin hayaƙi, yana da santsi a harshe, kuma yara da waɗanda ba sa jure zafi suna iya cin sa. Ba na raina wannan haɗin ko kaɗan. A gefen gasasshen kifi ko kaza, ko a shafe shi a burodi da soyayyen ƙwai, da wuya a sami abin da ya fi shi daɗi a ranar da aka yi shi. Matsalarsa ita ce ruwa. Ɗanyen jan tattasai kusan kashi 90 cikin 100 na nauyinsa ruwa ne, kuma gashi ba ya ƙone sai kaɗan daga ciki, don haka abin da ake samu ya fi kusa da miyar dangwale fiye da kayan haɗin girki.

Wannan bambancin yana bayyana ne a tukunya. Harisar busasshen barkono a dunƙule take, ƙaramin cokali ɗaya yana isa ya juya tukunyar miya, kuma tana son a soya ta cikin mai tare da albasa a farkon girki, inda launinta yake narkewa cikin man, ɗanɗanon tafarnuwar kuma ya kwanta. Haka ake amfani da ita a miyar kuskus ta Tunisiya, da ojja wadda ake fasa ƙwai cikin miyar tumatir, da margez, wato niƙaƙƙen naman rago da ake ɗurawa cikin hanji, wanda jansa daga harisa yake. A cikin lablabi, wato romon wani irin wake da Turawa suke kira chickpea, da ake zubawa a kan gutsattsarin burodi da safe lokacin sanyi, ana ɗora ta ne a sama kowa ya dama gwargwadon yadda yake so. Idan aka gwada yin waɗannan da ta gasasshen tattasai, sai an zuba cokali huɗu ko biyar kafin a ji ta, kuma kafin nan ta ƙara wa miyar ruwa da zaƙin da ba a nema ba. Haka nan wajen jiƙa nama kafin gashi, mai kaurin tana manne wa naman ta yi masa ɓawo, mai ruwan kuwa tana tsiyayewa cikin wuta. Inda ta gasasshen take rinjaye shi ne duk wurin da za a ci ta ɗanya a kan abinci, domin ta busasshen, idan ba a sassauta ta da mai ko ɗan ruwa ba, tana iya yi wa harshe nauyi da ɗan ɗaci. Ko a Tunisiya ma, idan za a kawo ta a faranti kafin abinci, ana malala mata man zaitun a kewaye ta da 'ya'yan zaitun da kifin tuna.

Batun adanawa shi ne ya fi muhimmanci a wurina, kuma shi ne ya kamata ya yanke hukunci ga mafi yawan gidajenmu. Tafarnuwa da barkono duka ba su da tsami, kuma idan aka rufe su da mai an hana iska shiga. Wannan yanayin, wato rashin iska da rashin tsami da ɗumi da danshi, shi ne wanda ƙwayar cutar Clostridium botulinum take bunƙasa a cikinsa, ta fitar da dafin da ke shanye jijiyoyi, kuma abin tsoron shi ne abincin yana iya kasancewa bai canja wari ko kama ba. Ƙwayar ba ta girma idan tsamin abinci ya kai yadda ma'aunin pH zai sauka ƙasa da 4.6, gishiri mai yawa da ƙarancin ruwa suna danne ta, sanyin firiji na digiri 4 ko ƙasa da haka shi ma yana rage mata saurin girma ƙwarai. Man da ake zubawa a saman kwalba yana hana fumfuna da bushewa ne kawai, ba ya maganin wannan ƙwayar, kuma mutane da yawa suna kuskuren ɗaukar sa a matsayin kariya.

Idan aka auna hanyoyin biyu da wannan ma'aunin, ta gasasshen tattasai ce mai rauni, domin ruwanta ya yi yawa, gishirinta kuma ba zai iya yawa ba tunda da cokali ake cin ta. A firijin da ke aiki ba yankewa, kada ta wuce kwana huɗu zuwa biyar, kuma cokalin lemun tsamin da ake zubawa don ɗanɗano bai isa a dogara da shi ba. Ta busasshen barkono, idan an matse ta da kyau, an ba ta gishirinta, an ƙara mata cokali ɗaya ko biyu na ruwan khal, an zuba ta a busasshiyar kwalba mai tsabta, tana iya kai mako biyu zuwa uku a firiji, muddin da busasshen cokali ake ɗiba ana kuma mayar da man saman. Dukansu biyu suna daskarewa lafiya a firiza na watanni, kuma zuba su a ƙananan ramukan farantin ƙanƙara yana sa a riƙa ciro na girki ɗaya kawai. Sai dai duk wannan lissafin ya rataya ne a kan wutar lantarki, kuma firijin da ke kwana a kashe a watan Afrilu a Kano ko Damagaram ba firiji ba ne a idon ƙwayar cuta. Bai kamata a yi hujja da tulun matan Tunisiya ba, domin tasu ta ajiyar shekara ta fi wadda aka kwatanta a nan gishiri da bushewa nesa ba kusa ba.

A nan busasshen barkono yana da wata fa'ida da ɗanye ba shi da ita ko kaɗan, wato ana iya tsayawa a rabin hanya. Mutum zai iya daka tattasai da shambo da koriyanda da karwiya da gishiri da busasshiyar tafarnuwa su zama gari, ya adana a kwalba mai murfi nesa da rana da danshi, ya yi watanni ba tare da firiji ba. Ranar da ake buƙata sai a ɗebi babban cokali biyu, a ɗiga masa ruwan ɗumi kaɗan ya kumbura na minti 10, a gauraya da mai, a ci a ranar ko washegari. Gaskiya ne cewa ba ta kai wadda aka jiƙa barkonon gaba ɗayansa aka daka da ɗanyar tafarnuwa laushi da zurfin ɗanɗano ba, amma ana iya rage tazarar ta hanyar daka ɗanyar tafarnuwa ƙwaya ɗaya a cikin abin da aka kwaɓa na ranar. Ga gidan da ba shi da tabbacin wuta, wannan ita ce hanyar da na fi amincewa da ita, kuma ita ce nake ganin ta fi kusa da hikimar da ta haifar da harisa tun farko.

Busasshen barkono shi ma yana da nasa haɗarin, wanda ya kamata a faɗa a sarari. Wanda aka shanya a ƙasa ko aka tara shi bai gama bushewa ba yana kama fumfuna, wasu nau'o'in fumfunar kuma suna fitar da dafin afalatoksin da ke illata hanta, wanda dafawa ba ta kashe shi. Don haka a sayi barkonon da yake gaba ɗayansa, a tsaga a duba cikinsa, a zubar da duk wanda ya yi fari-fari ko baƙi ko yake warin danshi, a kuma wanke ƙurar kafin a jiƙa. Wanda za a daka gari kuwa sai a sake shanya shi ya bushe ƙayau bayan wankin. Niƙaƙƙen garin kasuwa ba na ba da shawararsa, domin ba a ganin abin da aka niƙa, kuma an sha kama garin barkono da aka ƙara wa ja da rinin masana'antu, kamar yadda ya faru a Ingila a shekarar 2005 lokacin da aka janye ɗaruruwan kayan abinci daga kantuna saboda rinin Sudan I. Ɗanyen tattasai a wannan fannin ya fi, domin ido yana ganin lafiyarsa ko ruɓewarsa nan take.

Ta fuskar kuɗi, lissafin yana bin yanayin shekara. Lokacin da tattasan rani ya cika kasuwa, gasawa ba ta da tsada, amma da damina ta kankama farashin ɗanyen kayan miya ya tashi, busasshen ne yake da araha, kuma giram 100 nasa yana wakiltar abin da ya kusa kilo guda na ɗanye. Mai shi ne abin da zai fi cin kuɗi idan aka nace sai man zaitun. Shi ne na asali, kuma Tunisiya tana cikin manyan ƙasashen da ke samar da shi a duniya, amma tataccen man gyaɗa yana yin aikin ba tare da ya ɓata komai ba, musamman a harisar da za a yi girki da ita. Manja ne kaɗai bai dace ba, saboda ɗanɗanonsa yana danne na karwiya da koriyanda.

Ta kanti kuwa, irin ta Le Phare du Cap Bon da ake samu a bututu mai giram 70, an dafa ta an rufe ta a masana'anta, don haka tana daɗewa kafin a buɗe, bututun kuma yana hana iska shiga bayan an fara amfani da ita. Tana da santsi da zafi kai tsaye, ƙamshinta bai kai na gida ba. Amfaninta babba ga mai koyo shi ne ya ɗanɗana ta sau ɗaya domin ya san inda ya dosa. A duba jerin kayan da ke jikinta kafin a saya, domin wasu kamfanonin suna cika tasu da karas ko sitaci don rage tsada.

Wanda yake son abin da zai riƙa girki da shi, ko yake son ɗanɗanon da Batunishe zai gane, ya ɗauki busasshen barkono, ya kwaɓa kwalba guda idan yana da firiji mai aminci, ya tsaya a gari idan ba shi da shi. Wanda kuma yake da baƙi a yau, ga garwashi a hure ga kifi ko kaza, ya gasa tattasai ya yi daidai abin da za a cinye kafin dare. Ana ma iya haɗa su, a zuba cokali ɗaya na ta busasshen cikin markaɗen gasasshen tattasai biyu, a sami zurfin waccan da zaƙin wannan, sai dai haɗin zai bi hukuncin mai ruwan ne wajen adanawa.

Kowace aka zaɓa, a kula da hannu yayin aikin. Sinadarin da ke kawo zafin, wato kafsaisin, ya fi taruwa a farin jijiyar da 'ya'yan suke manne da ita a cikin barkonon, kuma a mai yake narkewa, ruwa ba ya wanke shi. Saboda haka wanda hannunsa ya ɗauki zafi ya shafa mai tukuna sannan ya wanke da sabulu, wanda bakinsa ya ƙone kuma ya kurɓi madara ko nono. Idan an gama daka aka tarar zafin ya wuce kima, ba a gyara shi da sukari ko ƙarin mai. Sai a jiƙa wani busasshen tattasan da aka cire wa jijiya, a daka shi daban, a riƙa haɗawa kaɗan-kaɗan ana ɗanɗanawa, a kuma ƙara gishiri gwargwadon abin da aka ƙara domin kada ajiyar ta yi rauni.